Kyanwar Inna da Ɗaurin Tela

Shehinmu, Allah Ya ƙara masa yarda, malami ne mai zurfin ilmi da tsantseni, ma'abocin zuhudu da tawali'u, wanda tausayinsa bai tsaya kan 'yan Adam kaɗai ba. Ni tela ne, ƙarami cikin almajiransa, kuma abin da zan faɗa da idona na gani.

Mahaifiyata tana da wata tsohuwar kyanwa da mahaifinmu ya rasu ya bari, shekararta goma sha huɗu, muna ce mata Gwaggo saboda faɗanta. Wata rana ta dawo da rauni a cinya. Ni kuwa da ban san komai ba sai haɗa abin da ya yage, na samo ƙyalle mai kauri na ɗaure wurin tamau, har ina yabon aikina. Kwana huɗu cinyar ta kumbura, wari ya cika ɗakin, Gwaggo ta shige ƙarƙashin gado tana yakushin duk wanda ya miƙa hannu. Inna ma ta daina cin abinci.

"Ita kaɗai ta rage mai jiran babanku a bakin ƙofa," in ji ta.

Da ƙyar muka naɗe ta a bargo muka kai ta wurin likitan dabbobi. Ya ce mugunya ta taru, dole a buɗe a matse a wanke, amma zuciyarta ta tsufa, allurar barci tana iya tafiya da ita, kuma in babu allurar ba za ta tsaya ba. Na san laifina ne.

Na tafi wurin Shehi ina jin kunyar kai masa maganar kyanwa. Ban gama gaisuwa ba ya sa takalmansa, ya ce, "Mu je, kada mu bar mahaifiyarka da yunwa." Alhali ban gaya wa kowa cewa Inna ta daina cin abinci ba.

Da muka shiga wurin likitan, Gwaggo tana kan teburin ƙarfe, ta riga ta karce hannun likita. Shehi, Allah Ya ɗaukaka darajarsa, ya yi Bismillah, ya ɗora tafinsa a kanta, leɓɓansa suna motsi a hankali. Wallahi sai ta miƙe ƙafar da kanta, ta lumshe ido. Likita ya yanke ƙyallena da almakashi, ya matse mugunyar, ya wanke da ruwan magani, ko kunne ba ta kaɗa ba. Ya ɗago yana kallon Shehi.

Shehi ya dube ni yana murmushi. "Malam tela, wannan ba riga ba ce. Bar ciwon a buɗe ya sha iska, ka ba ta maganin likita a kan lokaci. Waraka ta Allah ce."

Sati biyu ina wanke ciwon safe da yamma da ruwan ɗumi da gishiri, ina shan yakushi, domin ni ba ta yafe mini ba. Rana ta uku ta fara lasar madara, Inna ta ce a zubo mata abinci ita ma. Yanzu Gwaggo ta koma bakin ƙofa tana ɗan ɗingishi, Inna tana zaune kusa da ita.

Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya sanya rahama a hannun bayinSa na gari. Allah Ya ja kwanan Shehinmu, Ya ba mu albarkacinsa, Ya jiƙan mahaifinmu. Amin.