Mai Lambun da Ya Hana Yaransa Tafiya

Jama'a, ku ji, sakamakon jarrabawa ya fito jiya, mu huɗu daga ajin Malama Tabita mun samu makarantar kwana, har da ni. Da na je na gaya mata ta rungume ni, sai kuma ta juya tana share allo, alhali ba rubutu a kai. Shi ya sa na roƙi Pasto ya bar ni in ba da misalin yau.

Akwai wani mutum mai lambu a bakin rafi. Yara uku suna zuwa koyon aiki wurinsa, kuma ba sa barinsa ya huta. Baba, me ya sa kake ban ruwa da yamma? Baba, wa ya gaya wa tsutsa akwai tumatir a nan? Yakan ce, "Ku dai za ku tsufar da ni," amma yana dariya. In bai san amsa ba, su tona ƙasa tare su duba.

Da suka iya aiki, iyayensu suka ce su dawo gida su buɗe nasu lambun. Mutumin ya ce, "A bar su sai baɗi." Baɗi ta zo, ya ce, "Hannunsu bai faɗa ba tukuna." Gaskiyar ita ce yana tsoron lambun ya yi shiru.

Ran nan suna cire irin albasa daga fangali don a kai dashe, sai ƙaramarsu ta ce, "Baba, ga shi kore shar, me zai hana a bar shi a nan?"

Ya ce, "In ya daɗe a matse, lawashi kawai zai yi, ba zai yi kai ba."

Ta ce, "To, mu fa?"

Mutumin ya daɗe yana kallon irin da ke hannunsa. Sai ya raba shi uku, ya sa musu albarka, ya raka su har tsallaken rafi. Da kaka ta yi, mutanen garuruwa uku suna cin albasar da bai taɓa yi wa ban ruwa ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, mai lambun malamanmu ne, mu ne irin, fangali kuma ajin nan. Allah ba ya ba malami yara don ya riƙe su. Ladansa shi ne Kalmar da ya shuka ta yi kai a inda ƙafarsa ba ta je ba. Mu kuma kada mu tafi ba godiya.

Malama, mun gode da ba ki taɓa ce mana "ku yi shiru" ba, ko ranar da na tambayi abin da zakuna suka ci a jirgin Nuhu. Kuma kada ki damu da shiru. Ƙanena Filibus zai shigo ajinki mako mai zuwa, shi ko a barci tambaya yake yi.