Tof Silindan Ustad Shafqat

A layinmu na Chah Sultan, cikin Rawalpindi, wadda muke kira Pindi, babu bakaniken da ya kai Ustad Shafqat Kiyani sanin tsofaffin motoci. Ustad a wurinmu laƙabin gwanin sana'a ne. Yakan kara kunne a jikin inji ya gaya maka abin da ke damunsa tun bai ɗauki sifana ba. Mutum ne mai kyauta, mai ji da mahaifiyarsa. Aibinsa ɗaya ne, ba ya iya jure a ce na wani ya fi nasa girma. In maƙwabci ya kafa sabon allon shago, ba a jimawa sai Shafqat ya sa an rubuta masa wanda ya fi shi faɗi. Shagona na ɗinkin kujerun mota yana jikin garejinsa, kuma tare muka tashi tun muna yara, don haka abin da zan faɗa a gabana ya faru.

Mahaifinsa ya rasu ya bar masa wata tsohuwar Impala shuɗiya, mai injin silinda takwas. Tun da ta fito daga kamfani ba a taɓa canza mata inji ba, kuma wannan ne ya sa masu son tsofaffin motoci suke zuwa kallonta. Wata rana Shafqat ya ga ruwa ya gauraya da baƙin mai. Da ya kwance, sai ya tarar ɗaya daga cikin tof silinda biyun, wato kan injin, ya tsage tsakanin bawul da bawul. Tsufa ne kawai. Walda ba za ta riƙe ba, sai dai a sa sababbi.

A daidai lokacin ne mahaifiyarsa, Sughran Bibi, wadda dukkanmu muke kira Ammi, ta sami labarin yayarta Resham ta fara mantuwa. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Resham tana can ƙauyensu a kan duwatsu, bayan Murree, Ammi kuwa ciwon baya ya daɗe da hana ta tafiya mai nisa. Kujerar bayan Impala ce kaɗai take iya miƙewa a kai.

"Shafqat, ka kai ni wurin Apa tun tana gane mutane," in ji Ammi. Apa take kiran yayar tata.

"Ki ba ni 'yan kwanaki, Ammi. Da na ɗaura kan injin za mu tafi."

Na raka shi shagon Sheikh Ikram, mai shigo da kayan tsofaffin motoci. Sheikh ya sa aka kawo mana shayi, sannan ya sauko da kwali biyu daga kanta. Tof silinda ne sababbi, masu matsakaitan ramukan iska, da manifol gajere, wato bututun da yake raba iska da mai daga kafireta zuwa silinda. Shafqat ya zura yatsa cikin ramin, ya auna, ya gyaɗa kai.

"Wannan shi ne daidai da ita," ya ce. "Ramin bai cika faɗi ba, iska za ta shiga da gudu tun inji yana ƙasa-ƙasa. Da shi za ta hau dutse ba ta haki, kuma za ta sha man da ake sayarwa a kowane gidan mai. Ajiye min, jibi zan ɗauka."

"Akwai na tsere ma, in kana so," in ji Sheikh. "Amma ba ni da shi a ƙasa, sai an yo odarsa ta jirgin ruwa."

Shafqat ya yi dariya. "Na tsere a motar gida? Sheikh Sahib, ai kullum abin da nake hana kwastomomina ke nan."

Washegari Lahadi ce, ranar da masu tsofaffin motoci suke haɗuwa a wani fili su buɗe bonet su sha shayi. Shafqat ya je a babur, ni a bayansa. Muka tarar mutane sun kewaye motar Chaudhry Naveed Warraich, wani mai gonaki da bai daɗe da shiga harkar ba. Ya sa wa injinsa manyan tof silinda na alminiyom masu ƙyalli, da dogon manifol wanda ya ɗaga kafireta sama kamar hasumiya. Ya taka totur, ƙasa ta yi rawa, matasa suka tafa.

"A'a, Ustad, yau a babur?" in ji Chaudhry. "Ina tsohuwar? Na ji an ce ta fara fitsarin kwance."

Aka yi dariya. Shafqat ma ya yi yaƙe, ya ce sababbin kawuna zai ɗaura mata.

"Waɗanda ke kantar Sheikh Ikram? Na gan su. Sun dace da ita, irin na kai tsofaffi asibiti. Kada ka sa mata irin nawa, Ustad. Wannan ba kowane hannu ne yake iya saita shi ba."

Shafqat ya tayar da babur muka dawo. Da gari ya waye ya koma wurin Sheikh, ya ce a mayar da na kanta, a yo masa odar waɗanda suka fi na Chaudhry faɗin rami, da manifol wanda ya fi nasa tsawo.

Na same shi a gareji na ce, "Shafqat Bhai, ni tela ne, ban san inji ba. Amma da kunnena na ji ka ce na kanta shi ne daidai da ita."

"Ga hannun kowa haka ne. Ni zan saita shi."

"To Ammi fa? Jirgin ruwa ba gobe zai iso ba. Ka bari in nemo mota mai faɗi, in ƙara mata soso a kujera, mu kai ta."

Ya ajiye sifanar da ke hannunsa ya dube ni. "Ina da gareji, ina da motar Abba, sannan uwata ta shiga ƙauyensu a motar haya? Me za a ce?"

Haka bazara ta wuce, damina ta shigo, kayan ba su iso ba. Kullum in ya koma gida Ammi takan tambaye shi, "An gama?" Shi kuma ya ce, "Saura kaɗan." Daga baya ta daina tambaya. Ta ɗinka wa yayarta mayafi mai kauri saboda sanyin dutse, ta naɗe shi ta ajiye a kan akwati.

Sai da damina ta ɗauke sannan kayan suka zo. Gaskiya suna da kyau, kana ganin fuskarka a jikinsu. Amma tun ranar farko suka fara neman abin da ba a shirya ba. Manifol ɗin ya yi tsawo, bonet ya ƙi rufuwa. Shafqat ya tsaya yana kallon bonet ɗin da mahaifinsa yake gogewa da hannunsa kowace Juma'a, sannan ya ɗauko injin yanka ya huda shi a tsakiya. Ramin ƙonewar sababbin kawunan kuma ƙarami ne, yana matse mai da iska fiye da yadda man gidan mai zai iya ɗauka. Ya san haka. Ya ce zai rage da saiti.

Da ya tayar da ita, duk layin ya fito. Rurinta ya wuce na motar Chaudhry nesa ba kusa ba. Ranar Lahadi ya kai ta fili, ya buɗe bonet, ya taka totur. Chaudhry ya zagaya ta, ya leƙa, ya ce, "Ustad, na sallama." Shafqat ya dawo fuskarsa kamar an yi masa albishir da ɗa namiji. Ni dai abin da na lura da shi a hanyar dawowa shi ne duk inda muka tsaya a danja, sai ya yi ta wasa da kuloci kafin ta yarda ta tashi.

"Tana jin nauyi a ƙasa," na ce.

"Kayan sababbi ne. Za ta sake."

Ranar tafiya ƙauyen su Ammi muka tashi da sassafe, Ammi tana kwance a baya da matashi da ƙunshin gurasar paratha, ni a gaba kusa da Shafqat. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya motar ta yi gudu kamar za ta tashi sama. Da muka wuce Bhara Kahu muka fara hawa, sai halinta ya fito. A kowace kwana sai an rage gudu, in an rage kuma sai ta mutu murus, ba ƙarfi. Manyan ramukan nan ba sa cika sai inji yana ihu, hanyar dutse kuwa ba ta ba ka filin ihu. Shafqat ya yi ta sauko da giya yana taka totur. Warin kuloci ya cika motar. Allurar zafi ta fara hawa. Can sai muka fara jin wata 'yar ƙara daga cikin injin, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani.

"Menene wannan?" na tambaya.

"Man ne yake fashewa tun lokaci bai yi ba," ya ce a hankali. Ya fi kowa sanin ma'anar wannan ƙara. Na ga idonsa yana neman inda zai faka, har ya kunna sigina.

Sai ga wata tsohuwar babbar mota mai fenti da sarƙoƙi, shaƙe da buhunan siminti, ta zo tana wuce mu a hankali, tana nishi. Direban ya leƙo ta taga yana murmushi.

"Ustad, duk wannan rurin a nan ya tsaya? In jefo maka igiya?"

Shafqat ya kashe sigina.

"Ɗana, ba sauri muke ba," in ji Ammi daga baya.

Ya taka totur har ƙasa. Motar ta yi kuka, ta zabura, ta kamo babbar motar, ta wuce ta. Ba mu yi nisa ba muka ji wani ƙarfe ya buga da ƙarfi a gabanmu, hayaƙi ya turnuƙe ta hudar bonet, injin ya yi shiru. Da ƙyar ya gangara da ita gefen hanya. Baƙin mai yana kwarara a kan kwalta. Ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya daɗe bai ɗago ba. Fistin ya farfashe, sandarsa ta huda bulok ɗin, wato gangar jikin injin, ta fito waje. Injin da ya yi shekara da shekaru lafiya ya tashi aiki, babu gyara.

Muka yi ta tsayuwa a bakin hanya har rana ta take. A ƙarshe wata ƙaramar motar ɗaukar kaya, mai komawa ƙauyukan sama da kayan miya, ta yarda ta ɗauke mu. Na cire soson kujerar Impala na shimfiɗa wa Ammi tsakanin buhunan albasa. Shafqat ya riƙe kanta a cinyarsa. Duk ramin da aka faɗa sai ta runtse ido, amma ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba.

Da la'asar muka isa. Khala Resham, kamar yadda muke kiran yayar Ammi, tana zaune a tsakar gida a kan gadon igiya, tana shan ranar da ta rage. Ammi ta dafa kafaɗar ɗanta ta taka har gabanta, ta zauna, ta kama hannunta.

"Apa, ni ce. Sughran."

Tsohuwar ta dube ta da fara'a, irin wadda ake yi wa baƙo. "Sannu da zuwa, baiwar Allah. Daga wane gida?"

"Ƙanwarki ce, Apa."

"Ƙanwata tana Pindi," in ji Khala Resham. "Ta ce za ta zo."

Surukarta, matar ɗanta, ta matso kusa da mu ta yi ƙasa da murya. Ta ce har tsakiyar damina tsohuwar tana sane da kowa, kullum sai ta sa an kai ta bakin ƙofa ta duba hanya. Bayan nan ne abin ya tafi gaba ɗaya.

Ammi ta zauna tare da ita har magariba, tana taje mata gashi, tana ba ta labarin gidansu na da. Shafqat yana tsaye a jikin bango. Da Ammi ta tashi yin alwala ya tare ta ya ce, "Ammi, ki yafe min."

"Na yafe maka tun a hanya," ta ce. "Amma ka gaya min, wa ka gyara wa motar nan? Ni dai ba ni ba ce."

Khala Resham ta rasu da sanyin shekarar. Impala kuwa an jawo ta gida, tana nan a bayan gareji an lulluɓe ta da tamfol. Shafqat ya nemi injin da zai dace da ita, ya samu, amma zuciyarsa ta ƙi bari ya ɗaura. Har yau yana aikinsa, kuma duk wanda ya zo neman manyan kawuna yakan fara tambayarsa wace hanya motar za ta bi, wa kuma za ta ɗauka.

Darasin da ke cikin labarin nan shi ne, sani ba ya amfanin mutum in girman kai ne yake yi masa zaɓi. Shafqat ya san abin da ya dace, da bakinsa ya faɗa, amma maganar mutum ɗaya a fili da ta wani a hanya suka sa ya yi watsi da shi. Kafin ka zaɓi abu, na mota ne ko na rayuwa, ka tambayi kanka aikin da zai yi da wanda zai yi wa, ba wanda zai gani ya yaba ba. Masu tafi suna watsewa kowa ya koma gidansa, asarar kuwa a kan wanda yake jiranka take sauka, kuma akwai jiran da in ya wuce ba ya dawowa.