Kiran da Keziya Ta Amsa

An yi wata baiwar Allah a wani ƙauye a gindin dutse, tun zamanin da majami'a take rumfar kara. Sunanta Keziya, matar Malam Barnaba manomi, 'ya'yansu biyar. Ita ke share majami'a, ita ke zama da mai naƙuda. Ba wanda ya sa ta.

Shekarar da agana ta shigo, aka kafa bukkoki a bayan dutse ana kai masu ciwo can. Kowa ya guje su. Keziya kaɗai ke zuwa kullum da tulu da ƙwaryar kunu.

"Uwar Ishaya," in ji mijinta, "in kika kwaso mana cutar nan fa? Ki dubi yaran nan."

"Na dube su, Maigida. Da su ne a can, da na so wani ya kai musu ruwa."

To, ku saurara. Ran nan da rana tsaka ta gama zagayenta. Wurin ya yi tsit, ko kukan tsuntsu babu, sai ungulaye jere a kan kuka. Ta juya za ta tafi ke nan, sai ta ji murya daga bukkar ƙarshe, wadda aka fitar da gawar mai ita kwana uku da suka wuce, aka toshe ƙofar da ƙaya.

"Tani. Tani, kawo ruwa."

Jama'a, Tani sunanta ne na yarinta. Tun da uwarta ta rasu ba wanda ya sake kiranta da shi.

Kun san abin da ake faɗa: wanda ya amsa irin wannan kira ba ya ganin gobe. Ta tuna 'ya'yanta. Ta yi taku uku wajen gida, muryar ta sake kira.

Ta tsaya. Ta ce, "Yesu, in kai ne, ka riƙe ni. In ba kai ba ne, ka riƙe ni." Ta janye ƙayar, ta sunkuya ta shiga.

A lungu ta tarar da wata tsohuwa baƙuwa, ƙuraje sun rufe ta, leɓɓa sun tsage. Yadda ta shiga ciki, har yau ba a sani ba. Keziya ta ɗiɗɗiga mata ruwa, ta yi jinyarta har ta tashi. Da danginta suka zo nemanta, suka ce ai bebiya ce, tun haihuwa ba ta taɓa furta kalma ba.

Keziya kuwa ta kamu. Ta warke, amma ido ɗaya ya tafi. Har ta tsufa, in jikoki suka tambaye ta wa ya kira ta, sai ta ce, "Ban sani ba. Na dai san akwai mai ƙishirwa a ɗakin."

'Yan'uwa, bangaskiya ba rashin tsoro ba ce, shiga ce da tsoron a ƙirji. A unguwarku akwai ƙofar da kuka daina ƙwanƙwasawa, kun san ta. Kada ku jira sai an kira sunanku. Yau, kafin ku ci tuwo, ku je.