Rijiyar Da Aka Hana Ta Hutawa

Akwai wani dattijo da ake kira Baba Mai Rijiya. Shi ya haƙa rijiyar ƙofar gidansa da hannunsa, tun gidansa ne na ƙarshe a unguwar. A lokacin gida uku ne ke shan ruwanta, daga bakinta kuma sai ciyawa iya ganinka.

Yau gidaje sun cinye filin kaf. Kowane gida da yara, kowane lungu da turken awaki, duk kuma rijiyar nan suke kallo.

Da Baba ya ga ruwan yana ja da baya, sai ya yi mata murfi da kwaɗo. Ya buɗe da safe, ya buɗe da la'asar, tsakani ya bar ta ta tara ruwa.

Akwai maƙwabcinsa mai kiwon shanu goma sha biyu, shi ya fi kowa ƙorafi.

"Baba, ruwan Allah ne ka sa wa kwaɗo? Ko da shi za a binne ka?"

Baba ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ita ma gajiya take yi. Ka bar ta ta numfasa."

Wata rana ciwon ƙafa ya kai Baba gidan 'yarsa jinya, ya bar wa babban ɗansa makulli. Mai shanu ya yi ta yi masa daɗin baki har ya cire kwaɗon.

Guga bai ƙara hutawa ba. Kwana tara ana ja, ruwa ya koma ja, daga nan sai laka. Mata suka koma tafiyar awa guda da jarka a ka, shanu suka kwana suna kuka.

Da Baba ya dawo, mai shanu ya zo ya durƙusa, ya kasa ɗaga ido.

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce, "Tashi ka ɗauko igiya. Kai za ka shiga ka yashe ta."

Aka kwashe laka, aka rufe ta mako guda. Kafin makon ya cika, mai shanu ya sayar da takwas daga cikin shanunsa, don ya gane rijiyar ba za ta ɗauke su duka ba.

Ruwa ya dawo, amma can ƙasa, sai da aka ƙara igiya. Baba ya daɗe yana leƙawa, sannan ya ce wa ɗansa, "Ka san a nan mahaifiyarku take duba fuskarta ta gyara ɗankwali? Yanzu ko inuwata ban gani ba."

Darasi: Mun yi yawa, dabbobinmu sun yi yawa, ruwa da ƙasa kuwa ba su ƙaru ba. Wanda ya ce a ɗiba da lissafi ba marowaci ba ne, gobenmu yake tsarewa. Ku tura wa 'yan uwa su karanta.