Abin da ke Ƙona Motar Malam Kalla

Akwai wani makanike a Madawa mai suna Shafi'u, garajinsa na bakin babbar hanya. Tsofaffin motoci ne aikinsa, irin waɗanda sauran makanikai ke gudu saboda kayansu sun yi wuya. Ya iya aiki, kuma ya san ya iya. Kullum yana faɗa cewa motar da ta fita daga hannunsa ba ta dawowa da ciwon da ta zo da shi.

Sai ga wata ta dawo.

Tsohuwar Fijo ce ƙirar kat-san-kat, wato 404, ta wani dattijo mutumin Tama, Malam Kalla. Da ita ya yi jigilar 'yan kasuwa lokacin yana da ƙarfi. Yanzu aiki ɗaya ya rage mata, shi ne kai matarsa Biba asibitin mishan, inda ake duba mata ciwon baya da ya daɗe yana cinta.

Abin da ya ƙone shi ne ambarayaj, wato wanda direba ke takawa da ƙafar hagu kafin ya canza bitas, giyar mota ke nan. Shafi'u ya sauke bwat, akwatin bitas, ya sa sabon faifan ambarayaj, ya ɗaure komai da hannunsa. Da damina aka yi aikin. Ba a gama yankan gero ba motar ta shigo garajin tana ƙauri.

Iliya mai gyaran taya, maƙwabcinsa, ya leƙo yana dariya.

"Shafi'u, ga amaryarka ta sake yo yaji. Shimhiɗa mata tabarma."

Abin ya yi masa ciwo, amma ya sake gyarawa.

Ranar da ya gama, Mustafa ya zo. Shi ne ɗan farin Malam Kalla, yana sayar da albasa a Madawa, kuma sa'an Shafi'u ne. Ya ja Shafi'u gefe ya ce yana tsoron tsufa ne ya kama tsohon, ƙafarsa ta daina jin maganarsa. In haka ne zai karɓi makulli ya sayar da motar, uwarsa ta riƙa shiga motar haya kamar kowa.

"Kai ka san ƙarhe, abokina. Maganarka nike jira."

Amsa mai sauƙi tana bakin Shafi'u. In ya ce laifin tsoho ne, sunansa ya wanku, bakin Iliya ya mutu. Sai dai shi mutum ne da tambaya ke hana shi sakat, kuma bai ga abin da idonsa ba. Ya ce a ba shi lokaci.

Ya nemi Malam Kalla ya ja motar su gwada. Suka bi kwalta, suka sauka hanyar jar ƙasa, suka dawo. Shafi'u bai ɗauke ido daga ƙafar tsohon ba. Tuƙi ne mai tsabta. Ya taka, ya canza, ya ɗauke ƙafarsa gaba ɗaya. Mai tuƙi irin wannan ba ya ƙona faifai.

To wa ke ƙona shi? Ya tambaya ko akwai mai aron motar, tsohon ya ce babu. Ko yana lafta mata kaya? Babu. Da ya matsa, Malam Kalla ya kau da kai ya ce mota ta tsufa, shi ma ya tsufa, ke nan.

Shafi'u ya yi ta juya abin a ransa, har ya lura da wani abu: bai taɓa ganin motar tana aikinta na gaskiya ba. Ranar komawa asibiti ya hau kabu-kabu da sassafe ya tafi Tama, ya ce yana so ya saurari bwat a doguwar tafiya.

Aka fito da Biba a hankali, aka sa mata matashi a kujerar baya. Malam Kalla ya gyara madubi. Shafi'u ya ga bai saita shi a kan hanya ba, a kan fuskarta ya saita shi.

Suka kama hanyar duwatsu. Da tsohon ya saki mai don ya sauka wani kwazazzabo, ya sake takawa, sai wani abu ya yi ƙwas daga ƙarƙashi, motar ta fizga. Da ma Shafi'u ya ji wannan ƙarar ranar gwaji, ya ɗauke ta a kan tsufa. Yanzu kuwa ya ga idon Malam Kalla ya tafi madubi, ya ga ƙafar hagunsa ta hau ambarayaj, ta danne shi rabi, ta zauna.

Fizgar ta ɓace. Motar ta koma tafiya kamar jirgin ruwa. Can ƙauri ya fara tasowa.

Har suka hau kwalta ƙafar ba ta sauka ba.

Da aka shiga da Biba wurin likita, su biyun suka zauna a inuwar dogon yaro. Shafi'u ya ce masa ya ga ƙafar. Tsohon ya daɗe yana kallon takalminsa.

"Ba ta taɓa ce min yana mata zahi ba," in ji shi. "Leɓenta taka cizawa. Ni kau ina gani."

"To Baba, mi ya hana ka gaya ma Mustafa?"

"Wancan? Yaron da ban taɓa kiran sunanshi ba tun da anka haihe shi? In zauna gabanshi in ce mishi don uwarshi nike ƙona mota? Gara ya amshi makullin."

Shafi'u ya san kunyar ɗan fari, a gidansu ma haka take. Kuma ya gane cewa duk gyaran da ya yi, toka ya yi ta sharewa, bai nemi inda wutar take ba.

Da suka dawo Madawa ya shiga ƙarƙashin motar. Ya kwance kardan, doguwar sandar da ke kai ƙarfin inji ga ƙafafun baya. Mahaɗinta ya cinye, yana lilo a hannu. Haƙoran da ke juya ƙafafun baya su ma sun cinye, sun bar giɓi. Giɓin nan ne ke sa fizgar.

Kayan ba su samuwa a kanti. Ya yi ta cigiya har aka kwatanta masa wata gawar kat-san-kat a wani gida a Keita, kaji na yin ƙwai a cikinta. Ya je ya kori kajin, ya kwance abin da yake so, ya dawo fuska duk baƙin mai, ya ɗaura wa motar Malam Kalla.

Mustafa ya zo jin amsa, Iliya kuma ya matso da kujerarsa don kada komai ya wuce shi.

"Laihina ne," in ji Shafi'u. "Ciwon na ƙasa, ni ina gyaran sama. Na ji ƙarar, na raina ta."

"To ƙahwar Baba hwa?"

"Ƙahwarshi ta hi tawa hankali. Bar mishi makullinshi."

Abin da ya gani a hanyar asibiti kuwa ya bar shi a cikinsa. Iliya ya yi ta ba da labarin a bakin hanya, yana cewa gwani ya faɗi a bainar jama'a. Shafi'u ya haɗiye. Abin da bai zata ba, masu tsofaffin motoci da suka ji labarin wurinsa suka riƙa nufowa, har daga Babankatami, suna cewa makanike da ke iya cewa laifinsa ne shi suke nema.

Makulli ya zauna a aljihun Malam Kalla.

A tafiyar asibiti ta gaba, da hantsi, motar ta tsaya a ƙofar garajin. Shafi'u ya taho da fara'a zai gaishe su, sai tsohon ya ɗaga masa hannu ta taga, alamar ya yi a hankali. Ya leƙa baya. Biba ce ta jingina da matashi tana barci, bakinta a ɗan buɗe.

"Tun Tama," Malam Kalla ya faɗa da raɗa. "Tsayawa na yi ka gani."

Ya sa bitas, ya ja motar a hankali, bai ko jira amsa ba.

Darasi: Kafin ka yanke wa mutum hukunci, ka zauna kusa da shi ka ga tafiyarsa, domin wani abin da ke kama da kuskure ƙauna ce da kunya ta hana ta magana. Kuma kada ka wanke sunanka da mutuncin wani. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu iyayen da ba su iya faɗin abin da ke ransu.