Sunan Da Waziri Ya Tsallake

A wani zamani da ya shuɗe an yi wani sarki mai son karatu kamar me. Wata rana ya ce a karanta masa wani littafi da Larabawan dauri suka tara labaran makafinsu a ciki, mawaƙa da malamai da masu kaifin baki. Duk fadar, Waziri Ƙasimu kaɗai ya san littafin, don haka shi ya tashi.

Al'adar malaman ƙasar, kafin mutum ya buɗe littafi sai ya faɗi wanda ya karantar da shi, da wanda ya karantar da wancan, har a kai ga mawallafi. To, Ƙasimu a bakin Malam Haladu ya ɗauki nasa, wani makaho na Unguwar Marina, shekara bakwai yana ja masa sanda. Amma da ya ji fadawa sun soma ƙyaƙyatawa, wai yau za a sha labarin kwaɗayin makafi, sai gogan naka ya haɗiye sunan, ya tsallaka zuwa Shehu Ɗayyabu, malamin Haladu.

Sai sarki ya ce, "Waziri, ranar sunana aka binne Shehu Ɗayyabu, kuma na girme ka. A kabari ka same shi?" Ya ce ko a cike giɓin ko rawani ya sauka, don wanda ya ɓoye malaminsa ba abin da ba zai ɓoye wa sarkinsa ba.

Kunya ta lulluɓe Ƙasimu, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Ya faɗi gaskiya, aka aika aka zo da tsohon.

Malam Haladu ya ji yadda aka yi, ko ɓata rai bai yi ba, abin da ya fi kashe Ƙasimu ke nan. Malam ya ce wa sarki, "Allah ya ba ka nasara, tun da can in ya tsallake layi ba na korarsa, cewa nake ya maimaita."

Sarki ya ce hukuncin ya yi, rawani ya zauna. Ƙasimu ya kama sandar kamar da, ya kai tsohon kan buzun waziri, shi ya durƙusa a ƙasa. Fadawan nan masu dariya kowa ya sunkuyar da kai. Ƙasimu ya soma jero malaman daga farko, da ya zo kan sunan sai leɓe kawai ya motsa.

"Ɗaga murya, Ƙasimu," in ji malam. "Ido na rasa ba kunne ba, amma ban ji ba."