Goyon Karen Ruwa

Dalilin da ya sa karen ruwan teku ba ya goyo a baya, sai dai uwar ta kwanta rigingine a kan ruwa ta ɗora ɗanta a ƙirji, ba a makaranta na koya ba, don karatuna bai yi nisa ba. A bakin matata Hansatu na ji shi, Allah ya jiƙanta. Bayan rasuwarta ne, wata rana da la'asar, na zaunar da jikokina a tsakar gida na ba su labarin. Ilu yana zaune a kan turmi, yayarsa Barira tana gefen tabarmata, goye da ƙaninsu Nafi'u.

Na fara gaya musu inda na ga dabbar. Na yi shekaru ina kuku a jiragen ruwa, tun daga manyan jiragen kaya na Ikko, har rabo ya kai ni wata ƙasa mai sanyi, na samu aiki a wani ƙaramin jirgi da iska ke turawa. Doguwar sanda ce a tsakiyarsa, a ɗaura mata manyan fararen ƙyallaye, iska ta cika su, jirgi ya yi ta tafiya shiru kamar mai sanɗa. Gaɓar da muke bi ba gari ba hanya. Daji ne ya gangaro har bakin teku, itatuwa dogaye sun sha gansakuka, ruwan sama kuma ba ya gajiya. Aikinmu kai baƙi kallon dabbobi.

"Kallo kawai, Kaka?" in ji Ilu. "Ba kamawa?"

"Ba kamawa."

"Kai, an yi asarar tafiya."

Na ce ya yi mini shiru, shi da ko zakaran gidan nan bai taɓa kamawa ba.

Wata safiya muka tarar da wata macen karen ruwa kwance a kan teku da ɗa a ƙirjinta, tana ta gyara masa gashi. Baƙi suka yi ta ɗaukar hoto suna murna. Kyaftin ɗinmu ya daɗe yana dubanta da madubin hangen nesa, sannan ya ce a hankali, ɗan ba shi da rai. Kowa ya sauke abin hotonsa. Muka wuce ta, tana nan tana gyara masa gashi.

Da na dawo gida na ba Hansatu labari. A lokacin mun riga mun rasa ɗanmu na fari, Sabi'u. Ƙyanda ce ta ɗauke shi ina can teku, Hansatu ce ta gan shi har ƙarshe. Sai washegari, tana tsintar wake, ta ce, "Malam, na san dalilin da ya sa dabbar nan take yin haka."

Na ce, "Ke da ba ki taɓa ganin teku ba?"

Ta ce, "Ai na taɓa goyo."

Ga abin da ta gaya mini.

A da can, karen ruwa ba a teku yake zaune ba. A tudu yake, cikin dajin nan, tare da gada da hankaka da sauran dabbobi. Yakan shiga bakin ruwa ya nemi abinci, ya fito ya kwana a gindin itace. Matansu kuwa a baya suke goyo, kamar matanmu, majanyinsu wata doguwar ciyawar teku ce mai kama da igiya.

To, uwa ba ta ganin bayanta. Saboda haka dabbobin suka yi wata doka: bayan kowace uwa amanar gari ne. Duk wanda ya biyo bayan mai goyo, dole ya duba. In wuyan yaro ya langaɓe, ya ce, "Maigoyo, gyara masa wuya." In ƙafa ta zame, ya ce, "Maigoyo, ɗaga shi." Ko kuna gaba da ita, ko gaisuwa ba kwa yi, wannan maganar ba a hana ta. Da haka uwaye suke harkokinsu hankali kwance, sun san ido na bin bayansu.

Akwai wata macen karen ruwa da ta daɗe ba ta samu haihuwa ba. Sa'anninta duk sun yaye nasu, ita shiru. Da Allah ya ba ta ɗa namiji, sai gari ya riƙa kiranta Maijego, har sunan ya bi ta. Maƙwabciyarta wata tsohuwar gada ce, ana ce mata Gwaggo Gada. Ita ta koya mata ɗaurin majanyi, ita ke bin bayanta duk inda za ta.

Wata rana da safe gajimare ya ɗaga daga kan teku, sai aka ji Hankaka yana ihu daga kan itace. "Ku fito! Ku fito ku ga ikon Allah! Wani farin abu yana tafiya a kan ruwa, ba ƙafa ba fiffike!"

Jirgin iska ne, na farko da ya taɓa biyowa ta wannan gaɓa. Dabbobi suka ruga bakin teku. Maijego ta tsaya tana shakka, don yaro ya yi barci a bayanta, ga yayyafi.

Gwaggo Gada ta ce, "Taho, 'yar nan. Irin wannan ba kullum ake gani ba. Ina bayanki."

Suka tafi. Da yake Maijego gajera ce, aka ba ta hanya ta wuce gaba, ta hau wani dutse da ya leƙa kan ruwa. Duk gari yana bayanta. Gwaggo Gada na dab da ita, Hankaka na kan reshe daidai kanta.

Jirgi ya matso shiru. Mutanen ciki suna kallon dabbobi, dabbobi suna kallon mutanen ciki. Maijego ta miƙe a kan ƙafafunta na baya, ta miƙa wuya don ta gani sosai. Ita kuwa ciyawar teku, in ruwa ya taɓa ta santsi take yi. Yayyafi ya jiƙa ƙullin, miƙewar ta ja shi, ya soma warwarewa a hankali. Yaro ya zame kaɗan. Ya ƙara zamewa. Babu wanda ya ce, "Maigoyo, ɗaga shi," don duk idon gari yana kan farin ƙyalle. Yaro ya sulale cikin barcinsa, ya bi santsin dutse ya faɗa ruwa. Ƙarar igiyar ruwa ta rufe ƙarar faɗuwarsa.

Mutum ɗaya ne ya gani, wani a cikin jirgin. Ya miƙe tsaye yana ɗaga hannu yana nuna gindin dutse, yana ta ihu. Hankaka ya ce, "Kun gani? Gaishe mu yake yi!" Dabbobi suka yi dariya. Iska ta tura jirgi, ya sha kwana, ya ɓace.

Sai a lokacin Maijego ta ji bayanta ya yi sanyi. Ta kai hannu don ta ɗan jijjiga shi, yadda uwa ke yi, ta taɓa majanyi, ba kowa.

Ta juya. "Gwaggo, ina yarona?"

"Ba yana bayanki ba?"

"Ke ce a bayana, Gwaggo."

Maijego ta ɗaga kai ta dubi Hankaka. Shi da ba ya rasa ta cewa, sai ya ce, "Ni dai... jirgi nake kallo. Kowa ma jirgi yake kallo."

Ba ta zagi kowa ba. Ta faɗa ruwa. Ta duba gindin dutse, ta duba cikin ciyawa, ta yi nisan da babu karen ruwan da ya taɓa yi. Da ƙarfinta ya ƙare, ta ɗaga murya ta kira Teku.

"Teku, ba ni ɗana."

Teku ya ce, "Ban ɗauke shi ba, baiwar Allah. Faɗo mini ya yi."

"Na sani. Ba ni shi."

"Jikinsa yana hannuna, zan ba ki. Numfashi kuwa ba ni ke riƙe da shi ba."

Ta ce, "Ba ni abin da ke hannunka."

Igiyar ruwa ta ɗago shi ta miƙo mata. Ta rasa yadda za ta riƙe shi ruwa bai rufe masa fuska ba, sai ta juya ta kwanta rigingine, ta ɗora shi a ƙirji. Ta gyara masa gashi, ta hura masa iska, ta sake gyarawa. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kallon fuskarsa na tsawon lokaci haka ba, kullum yana baya.

Dabbobi suka jeru a bakin gaɓa suna kiranta. "Maijego, fito. A yi haƙuri. Fito a yi masa sutura."

Gwaggo Gada ta shiga ruwa har gwiwa tana kuka. "Ni na ce ki taho. Ni na ce ina bayanki. Ki yi mini duk abin da kika ga dama."

Maijego ta ce, "Koma, Gwaggo, sanyi zai kama ki. Ban riƙe ki da komai ba. Ido ne ya ga abin kallo, ni ma na kalla. Amma ba zan ƙara ajiye ɗa a inda sai da idon wani zan san yana nan ba."

"To, ya za ki yi? Mai ƙafa huɗu ba ta goyo a gaba."

"A tudu ne ba ta yi."

Sannan ta ce wa Teku ya ba ta wurin zama. Teku bai ɓoye mata komai ba. Ya ce, "Ba ni da gindin itace, ruwan sama a fuskarki zai sauka. Ina da sanyi, ke kuma ba ki da kitse irin na mutanena. In kika bar gyaran gashinki, sanyi zai shige ki ya kashe. Kuma ba na tsayawa. In kika yi barci, zan tafi da ke inda ba ki sani ba."

Ta ce, "Ruwan sama na yarda. Gashi zan gyara. Barci kuwa, ga majanyina." Ta kama doguwar ciyawar nan mai saiwa a ƙasan teku, ta naɗe jikinta da ita. "Da shi na yi goyo ya kwance. Yanzu ni zai goya."

Teku ya ce, "Zauna."

Ta zauna da yaron a ƙirji kwana da kwanaki. Ba wanda ya karɓe shi daga hannunta. Ranar da ta ga lokaci ya yi, ita da kanta ta buɗe hannu, tana kallonsa har ruwa ya rufe shi.

Bayan wani lokaci mijinta ya biyo ta, Allah ya sake ba ta haihuwa, mace. A cikin ruwa ta haife ta, a ƙirji ta ɗora ta. Sauran matan karen ruwa suka riƙa zuwa bakin gaɓa suna hangenta, kowace tana taɓa bayanta. Ɗaya bayan ɗaya suka kwance goyo suka shiga ruwa. Gwaggo Gada kuwa ta koma daji, ta ƙare rayuwarta tana waiwaye, 'ya'yanta suka gada.

A nan Hansatu ta tsaya, a nan ni ma na tsaya wa jikokina.

Barira ta ce, "Kaka, Iya ta yi kuka da ta ba ka labarin?"

Na ce, "A'a. Wakenta ta ci gaba da tsinta."

Ilu ya ce, "To, me ya sa matanmu ba su koma goyon gaba ba?"

Na ce ni ma na yi wa kakarsu wannan tambayar. Ta ce mini, "Wa zai yi daka? Wa zai ɗebo ruwa? Mu ba mu da tekun da za mu koma, Malam. Sai dai kowa ya riƙe idonsa." Na tuna musu yadda take zama a kan 'yar kujerarta a ƙofar gida da yamma, ba mai goyon da za ta wuce ba ta bi bayanta da ido ba. Ko baƙuwa ce, ko wadda suka yi faɗa da safe. Har ana yi mata tsiya, ana ce mata sarkin majanyi.

Aka kira Barira daga madafa. Ta miƙe, ta juya za ta tafi. Nafi'u ya yi barci, kansa ya langaɓe gefe guda, yana lilo. Na duba tsakar gidan, kowa na harkarsa. Kujerar Hansatu tana jingine a bango, inda aka ajiye ta tun ranar da aka fita da gawar mai ita.

Na ce, "Maigoyo, gyara masa wuya."

Barira ta tsaya cak, ba ta juyo ba. Ta kai hannu baya ta tallafe kansa, ta ƙara ɗaure majanyi. Da ƙyar na ji muryarta. "Haka Iya take cewa."

Na ce, "Ilu, ɗauko mini kujerar can, ka kai ƙofar gida."

Shi ya sa har yau, in jirgin iska ya bi ta waccan gaɓa mai ruwan sama, masu kallo sukan tarar da macen karen ruwa kwance rigingine, naɗe da doguwar ciyawa, ɗa a ƙirji. Takan ɗaga kai ta kalli jirgin, don har yanzu tana son kallo. Amma hannuwanta biyu suna kan ɗanta.